Ɗaki Mai Lamba Bakwai

Motar Misau ta ajiye ni a Unguwa Uku
an riga an idar da isha'i.
Jaka ɗaya, da takardar sautun atamfa na mutum tara,
kuɗin mutane a ƙugu, ɗaure da tsumma,
nawa kuma a aljihun gaba,
ba su kai su ja rigar ƙasa ba.

Ɗan adaidaita ya ce, "Ina muka nufa, Alhaji?"
Na ce, "Sauke Alhajin nan, yana ƙara wa kaya kuɗi.
Kai ni inda ake kwana,
ba inda ake hutawa ba."

Masaukin farko gilashi ne har ƙasa,
sanyi ya tare ni tun daga bakin ƙofa.
Da aka faɗi kuɗin ɗaki sai na lissafa a zuci:
ɗinkin riga goma sha ɗaya ke nan, har da aikin wuya.
Na ce bari in je in dawo.
Mai karɓar baƙi ya gyaɗa kai,
ya san irin wannan dawowar.

Na biyu a Sabon Gari,
kiɗa na zubowa ta tagogi, ana gasa kifi a ƙasan bene.
Na murɗa famfo, ya yi tari sau biyu
ya yi shiru.

Na uku a wani lungun Fagge, bayan masu walda.
Ilu na zaune da rediyo a kafaɗa,
makulli ɗaure da guntun katako,
an rubuta bakwai da jan fenti.
"Fanka tana yi in an kawo wuta.
Bokiti na bayan ƙofa.
Ba ma ɗaukar alhakin takalmi."
Muka ja ciniki kamar masu sayen akuya,
ya rage ɗari biyar, ya ce don Allah ne,
na ce Allah ya gani.

Katifar ta san mutane da yawa kafin ni,
kowa ya bar mata ramin kafaɗarsa.
Na ba da kuɗi a ƙofa,
cikin dare aka kawo mini canji:
kuɗin cizo, ba a ƙirga ba.
Fankar ta juya sau uku wajen ƙarfe biyu
kamar mai neman gafara, ta tsaya.
Na kwana hannuna a ƙugu
ina gadin dukiyar da ba tawa ba.

Da aka sallame asuba, ciki ya kai ƙara.
Mai shayin bakin titi ya jera gwangwanaye kamar bene,
ya ce ƙwai ya hau.
Na ce a gaishe shi in ya sauko.
Mai ƙosai ba ta hura wuta ba tukuna,
mai gurasa sai hantsi.

Hanci ne ya yi mini jagora,
ya bi da ni ta kan kwata, ya karya kwana biyu,
sai ga Gwaggo Zinaru a gaban tanda,
tana juya waina da tsinken ƙarfe
ba ta ko kallon hannunta.
A bencinta akwai ɗan dako da gammonsa a gwiwa,
da wata ma'aikaciyar jinya da ta kwana a tsaye.
Suka matsa ba wanda ya tambayi sunana.

Na ce, "Nawa-nawa ce?"
Ta ce, "Baƙo ke nan. Ɗan gari kwano yake miƙowa."
Ta zuba biyar, ta malala miyar taushe,
ta dubi jan idona da tabon cizo a wuyana,
ta ce, "A wajen Ilu ka kwana."
Benci ya fashe da dariya.
Ta ƙara ɗaya mai ƙonannen gefe,
"Wannan ta jaje ce."

Na siɗe yatsu, na taɓa ƙugu, kuɗin mutane na nan.
Can Kwari an fara ɗaga ƙofofin shaguna,
ƙarar ƙarfe na bin ƙarar ƙarfe.
Na miƙe.
Sai a bakin titi na ji wani abu na dukan cinyata:
guntun katako, lamba bakwai.
Dole in koma in gaida Ilu.